Man Zafin Baba Tausa

Daga sansanin ƙungiya, ranar Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yata, 'yar wajenki mai jego, da jaririn da ban gani ba tukuna. Ya kunnen? Ni lafiyata ƙalau, sai bayan nan da ke damuna in na daɗe a sunkuye. Wasiƙarki ta iso ta hannun direban motar kaya, tunda su kaɗai aka bari suna bin hanya. Na gode da kika tuna da ni. Tun rasuwar Inna, a dangin uwa ke kaɗai kike nemana, ko da yake in aka bi salsala kakanninmu ne kawai suka haɗa ciki.

Tambaya ɗaya kika yi. Tunda an ce za a ci gaba da kakar wasa alhali annoba ba ta tafi ba, maigidanki yana cikin aminci? Kin ce in an kira shi "lafiya lau" kawai yake cewa, ke kuma kunne ba ya barinki ki tsare shi a waya. Zan faɗa miki abin da idona ya gani, ke ki yanke.

An kwashe mu duka an zuba a wani otal kusa da filin wasa: 'yan wasa, Koci, Likita, shi Baba Tausa kamar yadda yaran ke kiransa, da ni mai wankin kaya. Ba shiga ba fita. Kowa da ɗakinsa. Kullum da safe Likita na tsaye a ƙofar ɗakin cin abinci da na'urar auna zafin jiki, wadda yaran suka sa wa suna bindiga. A saita maka a goshi, a tambaye ka tari, a tambaye ka zazzaɓi, ka wuce. Ana kuma yi mana gwaji da tsinken auduga a hanci, sai dai sakamakon yana jinkiri, domin can nesa ake kai shi.

A fili an raba kujerun benci. An hana runguma in an ci ƙwallo, an hana tofar da yawu. Gola ya ce shi da tun yana yaro yake tofa wa safar hannunsa yawu, yanzu da me zai jiƙa ta, da hawaye? Ni nawa aikin ya ninku. Kayan kowa da jakarsa mai lamba, a wanke da ruwan zafi, gorar ruwan kowa daban, ƙwallaye a goge su kafin atisaye da bayansa.

Abu biyu ne suka tsaya mini. Na farko, masu girki da masu shara na otal suna komawa gidajensu kullum da yamma. Na biyu shi ne aikin maigidanki. Doka ta ce kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. Shi kuwa ya yini a sunkuye kan cinyoyin mutane a wani ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya. Da Likita ya karanta dokar, sai ya ce, "To ɗana, sai ka samo mini hannu mai tsawon sanda." An ba duk wanda ya haura sittin zaɓin ya zauna gida. Na tuna masa da ciwon sukarinsa. Ya gyara tawul ɗin nan na kafaɗarsa ya ce, "In na tafi wa zai taɓa ƙafar Lamba Tara? Kai, da hannunka mai warin omo?"

Wataƙila tsorona ne kawai, kin san halina. Waɗanda suka tsara abin sun fi ni karatu. A takarda dai komai na kan tsari.

Ƙaninki,
Mai Biro

*

Mai Biro,

Wa'alaikumus salam. Mu nan duk lafiya. Jikanka ya fara gane mutane, hancinsa sak na kakansa, Allah ya sa kada ya ɗauko taurin kan. Kunne yana nan yadda ka san shi, abin da na ga dama nake ji. Bayanka kuwa, ai ga mai tausa a ƙofar ɗakinka, ko kunyar tuɓe riga kake yi?

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Tun kana makaranta haka kake, a tambaye ka ko ana ruwa, ka kawo tarihin gajimare. Amma na ga ƙarshenta. Tunda kai da bakinka ka ce komai na kan tsari, na sauke abin da ke ƙirjina. Kai ba ka faɗin abin da ba ka auna ba. Dama na shirya in sa 'yarka ta yi ta kiransa tana kuka har sai ya tattaro ya koma gida, to yanzu na fasa. A bar shi da yaransa. In aka zaunar da shi a gida shi kaɗai ba ƙafar da zai murza, wannan ma ciwo ne.

Na zo wankan jego na sati biyu, ga shi an rufe hanya na zama 'yar gida. Ka ce masa ya riƙa shan maganinsa kafin abinci, ba bayan ya tuna ba. Ka kuma sace tawul ɗin nan ka jefa a injinka. Shekara talatin ina fama, in ya dawo gida a bakin ƙofa nake sa shi ya rataye shi, warin man zafin nan har cikin tuwon... kai, har cikin ruwan sha.

Amanarsa tana hannunka.

Yayarka

*

Daga sansani, ranar Lahadi

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, shi ma yana lafiya, bindiga ba ta taɓa kama shi ba. Na ji daɗin labarin hancin jariri, na faɗa masa, ya ce to yaron ya warke.

Akwai gyara. Ban ce babu haɗari ba. Cewa na yi a takarda komai na kan tsari. Na duba kwafin da na ajiye, haka na rubuta. Amma da na sake karantawa na ga yadda za ki fahimce shi haka, kuma ban san ko gyaran nan yana da amfani ba. Har yau ba wanda ya yi ko atishawa.

Ranar Asabar mai zuwa za a buga wasan farko, ba 'yan kallo. An ɗaura lasifika a kusurwoyin fili da za ta riƙa sakin ihun mutane da aka naɗa tun bara. An gwada ta jiya, mai kula da ita ya saki ihun cin ƙwallo ana tsakiyar jefo ƙwallo daga gefe. Ba wanda ya yi dariya sosai. Yaran sun yi shiru kwanakin nan. Su ci abinci kowa a teburinsa, su koma ɗaki.

Labari ɗaya nake da shi, na faɗan da muka yi da maigidanki. Kin san ni nake karɓar kayan aiki daga sito, har da man zafinsa. Shekaranjiya ya shigo ɗakin wanki da gwangwani a hannu.

"Mai Biro, wa ya sayar maka da man kitso?"

Na ce shi ne dai wanda aka saba.

"Wannan? Ko ƙamshi babu. An cuce ka, an zuba maka man shafawa a gwangwanin kirki. Kai ko gishiri aka aike ka saye sai ka dawo da farar ƙasa."

Na karɓa na shinshina. Yaya, har hawaye sai da ya zubo mini. Amma na tsaya na yi tunani. Mutumin da ya shekara talatin da man nan a hannu, ni wa da zan musa masa? Na ce wataƙila hancina ne ya saba da sinadarin wanki, kowane abu yana yi mini ƙarfi. Na buɗe masa gwangwani na biyu. Ya kai hanci, ya daɗe, ya ce shi ma haka. Na uku ya sa a aljihu ya fita. Na rubuta wa mai sito takarda cewa a canza inda ake sayowa.

Tun ranar bai sake tsokanata ba, ina jin fushi yake yi. Abinci ma ya ce masu girkin sun daina sa hannu, yana turawa gefe. Magani dai yana sha, ina gani.

Tawul kuwa na gwada, ya kama ni. Ya ce ranar da aka wanke shi ƙungiya za ta faɗa rukuni na biyu.

Kada ku neme ni a waya. Ta bi aljihun wandona cikin injin wanki, tana kan taga tana shan rana, ban ga alamar za ta tashi ba.

Ƙaninki,
Mai Biro

*

Mai Biro,

Ba doguwar gaisuwa. Muna lafiya.

'Yarka ce ta karanta wasiƙarka a tsaye da yaro a kafaɗa. Da ta zo kan maganar mai sai ta zauna a ƙasa. A asibitin da take kai shi allura an gaya musu, cutar nan wani ba ta fara masa da tari ko zazzaɓi, hanci take fara ɗaukewa, da ɗanɗano. Man ba shi da laifi. Kai da ka ji har da hawaye, me ya sa ba ka yarda da hancinka ba?

Mun kira shi. Ya ce lafiya lau, wai kai uwar gulma ne, a bar shi yana da aiki. 'Yarka ta ce muryarsa ba daidai take ba. Ya kashe wayar. Taka ba ta shiga. Ba mu da lambar kowa a wurin nan, shekara talatin ban taɓa neman lambar kowa ba.

Ka ajiye takardar nan ka tafi wurin Likita yanzu, kafin ka ninke ta. Ko zai zage ka, ko za a fasa wasan, ko za a kore ka. Na roƙi direba ya kawo maka hannu da hannu.

Yayarka

*

Daga ɗakin da aka killace ni, ranar Laraba

Yaya,

Ina gaishe ki. Na san 'yata ta riga ta ji daga bakin Likita, amma kin fi son abu a rubuce, zan bi shi daki-daki.

Wasiƙarki ta iso ranar Litinin. An tsare direba a shingen hanya, an ce takardar izininsa ta ƙare. Wasa kuwa an riga an buga shi tun ranar Asabar.

Ranar wasan Baba Tausa ya yi aikinsa duka. Ya murza goma sha ɗayan farko, ya murza 'yan benci, ya ɗaure wa Kyaftin idon sawu. Da aka kwashe ƙafar Lamba Tara a rabin lokaci na biyu ya ruga cikin fili da jakarsa. Da ya dawo na ga ya daɗe yana neman numfashi, na ce tsufa ne da takunkumi. Mun ci ɗaya da nema. Yaran suka manta doka suka danne juna a bakin tuta, daga nan suka zo suka rungume Baba Tausa, don kafin a fita ya ce za a ci. Lasifika tana ta ihu. Ni ina tattara gorunan ruwa.

Washegari bai fito karin kumallo ba. Na ƙwanƙwasa, na same shi zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyi. Wannan karon bindiga ta kama shi. Da yamma sakamakon gwajin da aka yi mana tun farkon mako ya iso, sunansa a ciki, da na wani mai girki.

Likita ya tsaya daga bakin ƙofa da takarda ya ce, "Baba, ka lissafa mini waɗanda ka taɓa cikin kwanakin nan."

Ya yi dariya har ta zama tari. Ya ce, "Ɗauko jerin 'yan wasanka ka kwafe."

Da za a sa shi a motar asibiti ya yafito ni. Ban matsa sosai ba, ina so ki san wannan. Ya ce, "Ka janye takardar da ka kai wa mai sito. Tun gwangwani na biyu na gane." Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "In na faɗa, wa zai rage ya buga? Yaran nan wata nawa suna jira." Aka rufe ƙofa.

An sake gwada kowa. Bakwai cikin 'yan wasa suna da ita, ba wanda ko kai ke yi wa ciwo. Ni ma ina da ita. Zazzaɓi kaɗan ne, kada ki damu. Ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. An ɗage wasa ɗaya.

Kin tambaye ni me ya sa ban yarda da hancina ba. Na zauna da tambayar tun Litinin. Ban sami amsar da za ta shiga takarda ba.

An ce yana kan iskar oksijin, yana gane mutane.

Ƙaninki

*

Mai Biro,

Na san ka ji. An kira 'yarka da hantsi, ita ta rubuta mini a bayan katin allurar yaro don ta kasa faɗa da ƙarfi yadda zan ji. Ma'aikatan asibiti ne suka yi masa sutura. An ce mutum biyar aka bari suka tsaya daga nesa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mutane suna kira suna gaisuwa, ina riƙe waya a kunne ina cewa amin. Ban yi kuka ba tukuna. Ina wanke kayan jariri, ina shanyawa, ina kwashewa.

Wasiƙarka ta farko tana nan, na sake karanta ta. Ka faɗi masu girki, ka faɗi ɗaki mai taga ɗaya. Duk ka faɗa. Ni ce na tsallake na ɗauki layin da nake so. Wadda na rubuta maka da zafi kuma, ka yaga ta. Shi da ya san gaskiya ya rufe bakinsa, kai ne za ka ɗauka? Ba na son ka amsa wannan da shafi uku.

Ya jikinka? Ka ci abinci ko ba ka so.

Abu ɗaya nake nema. An ce za a ƙona ko a wanke duk abin da ke ɗakinsa. In tawul ɗin nan bai riga ya shiga wuta ba, ina so. Kada a wanke.

Yayarka

*

Daga sansani, ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya gafarta masa, ya ba mu dangana. Ki gaida 'yata, ki shafa mini kan mai hancin. Na fito daga killacewa, gwaji ya nuna na rabu da ita. Ƙafafuna ba ƙarfi, in na hau bene sai na huta a tsakiya, amma na koma bakin aiki. Yaran nan bakwai duk sun warke, sun fi da gudu.

An ci gaba da wasa. Hukumar gasa ta aiko takarda cewa tsarin ya yi aiki, tunda an gano cutar kuma ba ɗan wasa ko ɗaya da ya kwanta asibiti. Na karanta a allon sanarwa. Ban ga ƙarya a ciki ba. An ƙara tambaya ɗaya a ƙofar ɗakin cin abinci: tari, zazzaɓi, sannan ko kana jin ƙamshi. Masu girki yanzu a otal suke kwana. An kawo sabon mai tausa, matashi, yana sa safar roba, an ba shi ɗaki mai taga biyu.

Kafin wasan jiya an yi masa shiru na minti ɗaya. Ni na ɗinka baƙin ƙyallen da suka ɗaura a hannu. Suka jeru a da'irar tsakiya, alƙalin wasa ya busa, sai aka ji lasifika tana ta ihu. Sai da aka aika mutum da gudu ya kashe ta. Da aka kashe, ana jin ƙarar tutar kusurwa. Alƙali ya sake busawa, aka kunna ihun, aka take ƙwallo. An tashi babu ci. Lamba Tara ya zo ɗakin wanki daga baya ya zauna kan kwandon kaya. Da inji ya tsaya ya tashi ya tafi.

Tun farko tambayarki ita ce ko ana iya buga ƙwallo cikin annoba lafiya. Ana bugawa dai, ga shi ina wanke rigunan. Sauran ban sani ba.

Maganar tawul. Ranar da aka tafi da maigidanki tawul ɗin ya faɗi a bakin motar. Na ɗauka da safar hannu. Doka ta ce ruwan zafi da sinadari, injin ma yana buɗe a gabana. Na ƙulle shi a leda biyu na tura bayan kwalayen sabulu. Ban san dalili ba, a lokacin ba ki ma nema ba. Shekaranjiya na tambayi Likita ko cutar tana daɗewa haka a jikin ƙyalle, ban ce na wa ba. Ya dube ni ya ce ta daɗe da mutuwa, ya juya ya ci gaba da rubutu.

Ga shi nan direba zai ba ki, a cikin ledarsa. Kafin in rufe na buɗe na kai hanci, don in tabbatar abin da kike nema yana nan. Ban ji komai ba. Na je na buɗe sabon gwangwani, shi ma haka. Likita ya ce wasu yana dawo musu, wasu yana daɗewa.

Don haka ban san abin da na aiko miki ba. In kin buɗe, ki rubuto ki gaya mini ko yana nan.

Ƙaninki,
Mai Biro